Injin Niƙan Ƙanena da Takardar da Na Kai Konni

Shekarar da ƙanena ya ce ba zai tafi cin rani ba, babu wanda ya yarda da shi a gidanmu, har ni. Tun yana saurayi, da an ɗaure hatsi an zuba a rumbu, sai ya saɓa jakarsa ya bi samarin ƙauyenmu na ƙasar Tajaye zuwa Abijan, ba mu sake ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. Can yake da ɗan tebur na shayi da burodi a bakin wata tasha. Yana can babanmu ya rasu. A waya aka gaya masa, kuma kafin ya haɗa kuɗin mota ya iso, ƙasar kabarin har ta kwanta. Bai taɓa yi mini maganar ba, amma na san ta tsaya masa a rai.

Inna ita ce ta yi maganar, kuma ba ta ɓoye komai ba. Ƙafafunta sun kumbura, numfashinta ya fara gajarta, ko zuwa bayan gida sai ta huta a hanya. Ta ce masa ita 'ya'ya maza ta haifa da dama, Allah ya karɓi abinsa ya bar mata guda, kuma ba ta son ranar da za a fitar da ita a ce 'ya'yan maƙwabta ne suka ɗauke ta. Ta faɗa sau ɗaya a gabanmu duka, ba ta maimaita ba. Daga ranar duk wata shawara a gidan ta koma kan abu ɗaya, wato me zai riƙe yaron nan a gida ya ci da iyalinsa har rani ya wuce.

Ni ce babba. Ni kaɗai babanmu ya bari na yi lakwal, wato makarantar boko, har na samu takarda, na zama sakatariya a wani buro, wato ofis, a Illela, can kuma nake aure. A gidanmu an san ni da baki. Inna takan ce tun ina goye nake gardama, kuma ban musa ba, don har yau in na ga abu ya karkace ba na iya kau da kai. Ƙanena kuwa Allah ya yi shi da sanyi. In ka taka shi, shi zai ba ka haƙuri.

Shi ya kawo shawarar injin niƙa, kuma shawara ce mai kyau. A lokacin ƙauyenmu babu inji. Mata ko su kwana a bakin turmi, ko su haɗa hatsinsu a ba mai amalanken jaki ya kai wani gari, ya dawo da yamma da garin da ya cakuɗe, na wannan gida ya shiga na wancan. Ƙanena ya zauna ya yi tunanin abin da kyau. Ya zaɓi fili kusa da rijiya, inda kowace mace take wucewa da safe. Ya kafa rumfa da zana ya rufa kwano, ya samo ganga ta ruwan sanyaya inji, ya je Malbaza ya yi kwanaki wurin wani mai niƙa yana koyon ɗaura bel da gyara haƙoran niƙa. Ya sayar da bijiminsa, matarsa ta ba da awakinta, ya haɗa da abin da ya taro a Abijan. Duk abin da gidan yake da shi ya shiga cikin injin nan.

Abu ɗaya na ce masa, in ya saya ya karɓi takardar shaida, a rubuta irin injin da ranar da aka saya da abin da za a yi in ya ba da matsala. Ya yi mini dariya. Ya ce wurin Baba Alhaji zai saya, shin ni zan iya buɗa baki in ce wa Baba Alhaji ya rubuta mini takarda?

Baba Alhaji ɗan kasuwa ne a Konni, mai sayar da injuna da famfunan ban ruwa, iyayensa daga tsallaken iyaka suka zo suka zauna. Ba danginmu ba ne, amma ya fi wasu dangin. Shi ne mai masaukin babanmu. Tun kafin a haife ni, in babanmu ya kai wake kasuwar Konni, a zaurensa yake sauka, ya ci ya kwana, ya bar ajiyarsa. Da babanmu ya rasu, shi ya zo da likkafani da buhun shinkafa, ya zauna karɓar gaisuwa tare da kawunnanmu. Ni yakan kira ni ɗiyata, kuma ko a buro ya aiko mini da saƙo haka yake cewa. Don haka da ƙanena ya yi dariyar nan, ni ma ban ƙara magana ba.

Injin ya iso a kan amalanke daga bakin kwalta, kore shar, fentinsa yana ƙyalli. An yi addu'a, an raba goro da dabino, aka tayar da shi. Makonnin farko sun yi daɗi. Tun kafin rana ta ɗaga ƙorai da kwanoni suke yin layi a bakin rumfa, ƙanena ya yi fari fat da gari har gashin ido, yara suna tsokanarsa wai ya tsufa a dare ɗaya. Inna ta sa aka riƙa shimfiɗa mata tabarma a ƙofar gida, inda take jin ƙarar daga nesa. Na zo ƙarshen mako na tarar ta ci tuwo har ta nemi ƙari, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

Daga nan abin ya fara. Injin ya riƙa zafi tun hantsi, yana fitar da farin hayaƙi, yana shan mai kamar ana zubarwa a ƙasa. Sai ya yi ta aiki ya tsaya cak da hatsin mutane a cikinsa. Ƙanena ya canza mai, ya canza bel, ya canza wurin sayen gazuwal ɗin da injin yake sha, duk a banza. Ƙarshe ya ɗauko makaniki daga Malbaza. Mutumin ya kwance injin, ya kankare fentin da wuƙa ta gefe ɗaya, ya kira mu ya nuna mana. Jikin injin a tsage yake, an yi masa walda an shafe da fenti, ruwa yana shiga cikin mai. Ya ce tsohon inji ne aka yi wa kwalliya, kuma babu gyaran da zai riƙe shi, sai dai a sake wani.

Ni a wurin na fara faɗa. Ƙanena ya ce in yi haƙuri, Baba Alhaji ba zai yi haka da gangan ba, zai je ya gaya masa. Ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi Konni. Ya dawo da turmin atamfa na Inna da ƙullin goro. Na tambaye shi me Baba Alhaji ya ce, ya ce yana gaishe mu. Na ce maganar injin fa? Ya sunkuyar da kai.

Sai da na matsa masa ya ba ni labari. Ya isa ya tarar zauren cike da baƙi, dillalai da direbobi da mutanen ƙauyuka. Baba Alhaji ya yi murna da ganinsa, ya zaunar da shi kusa da shi, ya sa aka kawo abinci. Aka shiga gaisuwa. Ya gida, lafiya lau. Ya Inna, da sauƙi. Ya iyali, lafiya lau. Ya injin, ya aiki? Nan ƙanena ya ce lafiya lau, sai godiya. Baba Alhaji ya juya ya gaya wa mutanen zauren cewa ga ɗan amininsa da ya bar yawon duniya ya zauna gida ya kama sana'a, kowa ya sa albarka. Bayan wannan kuma ta ina zai fara?

"Yaya, ke ba ki san zauren ga ba," ya ce da ni. "Ya aza min tuwo gaba, mutane na kallo, ya ce ya inji. Mi kika so in ce mai?"

Na so in ce masa abubuwa da yawa, kuma na faɗi wasu. Amma gaskiya na san abin da yake nufi. Mu haka aka tashe mu. A cikin gaisuwa ba a kawo kuka. Mutum yana kwance rai a hannun Allah, ka ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Sai an gama gaisuwa, an yi shiru, an keɓe, sannan a ce dama akwai 'yar magana. To zauren Baba Alhaji ba ya yin shiru, kuma ba a keɓewa da shi. Ƙanena ya koma, ya sake komawa, kowane zuwa da niyyar yau zai faɗa, kowace dawowa da tsaraba a hannu. Abin ya ma ƙara yi masa wuya, don yanzu in ya faɗi gaskiya sai ya zama duk zuwan da ya yi a baya ƙarya ya yi.

Muka gwada waya. Baba Alhaji ba ya riƙe wayarsa, wani ɗansa ne yake ɗauka ya sa a lasifika a tsakiyar zaure, don haka aka sake gaisawa aka kashe. Muka tura kawunmu, ƙanen babanmu, dattijo mai iya magana. Ya tafi da cikakken bayani, har na sa ya maimaita mini kafin ya hau mota. Da ya isa, abin da ya fito daga bakinsa shi ne injin yaron yana ɗan tari. Baba Alhaji ya ce ai sabon inji haka yake kafin ya saba, ya ba shi galan na man inji mai kyau ya kawo. Kawu ya dawo yana jin ya yi aiki, har yana cewa ga shi an samu mai kyauta. Ranar sai da na shiga ɗaki na rufe ƙofa, don in na tsaya a tsakar gida zan faɗi abin da ba a faɗa wa kawu.

A wannan tsakanin rumfar ta mutu. Mata suka koma wa mai amalanke, wasu suka koma turmi. Ba su yi masa gori a fuska ba, sai dai in sun wuce zuwa rijiya su ce sannu da haƙuri, wanda ya fi gorin ciwo. Sa'o'insa duk sun riga sun tafi, ya rage shi kaɗai cikin tsofaffi da yara, yana zaune a gindin injin da ba ya motsi. Abokinsa ya kira daga Abijan ya ce mai wurin da yake kafa teburin shayi zai ba wani in bai zo ba. Akwai kuma wata babbar mota da za ta kwashi ragowar masu tafiya daga Badaguishiri bayan kasuwa ta mako mai zuwa. Matarsa ce ta kira ni a ɓoye ta ce ya sauko da jakarsa daga saman rumbu ya kakkaɓe ta. Inna ta daina fitowa ƙofar gida, ta daina cin abinci sai ɗan ruwan fura.

Na nemi izini a buro na zo gida. Na ce masa zan rubuta wa Baba Alhaji takarda. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci irin na ranar ba.

"Takarda? Ga Baba Alhaji? Awa wanda munka kai ma jandarma? Gara in tai Abijan in biɗo kuɗin wani injin."

Na ce masa ya tafi, amma ya fara shiga ɗaki ya gaya wa Inna da bakinsa. Bai shiga ba. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ce in dole sai an rubuta, to shi zai faɗa ni in rubuta. Na ɗauko alƙalami. Ya fara da sallama, ya gaida Baba Alhaji, ya gaida uwargidansa Hajiya da yara da mutanen zaure, ya yi godiyar atamfa, ya yi godiyar goro, ya yi godiyar man inji, ya tuna likkafanin babanmu, ya yi addu'a mai tsawo. Takarda ta cika ciki da baya. Can a ƙarshe ya ce in sa cewa injin yana nan yana ɗan ba da wahala amma ba komai. Na karanta masa daga farko, na tambaye shi in shi ne Baba Alhaji me zai yi bayan ya ji wannan. Ya ce zai ji daɗi. Na ce to ka gani.

Da ya fita na rubuta tawa. Ita kuma wuta ce zalla. Na ce an cuci marayu, na ce an ci amanar mamaci, na ce akwai ranar hisabi. Na ji sanyi a raina da na gama, amma da na sake karantawa na san ba za ta fita daga ɗakin ba. Aikina ke nan a buro, takardun kuka ta hannuna suke bi kafin su kai ga shugaba, kuma na daɗe ina ganin waɗanda ake amsawa da waɗanda ake turawa ƙasan tebur. Mai zagi yana ba wanda ya rubuta wa hanyar tsira, don sai a bar maganar a kama zagin. Mai yawan gaisuwa da kewaye-kewaye kuwa, a karanta a ce Allah sarki a ajiye. Wadda ake tashi a yi aiki a kanta gajera ce. Tana faɗin abin da ya faru, da shaidar da ake da ita, da abin da ake so a yi, da lokacin da in ya wuce gyaran ba shi da amfani. Kuma tana zuwa hannun wanda yake da ikon gyarawa, ba ta tsaya wurin masu rakiya ba.

Na yaga ta biyun na fara ta uku. Gaisuwa layi biyu, don ba zan shiga wa dattijo babu sallama ba. Sannan na ce injin da ɗansa, wato ƙanena, ya saya a wurinsa bayan kaka a tsage yake, an yi masa walda an rufe da fenti, makaniki ya kankare ya nuna mana, kuma a shirye yake ya nuna wa duk wanda Baba zai turo. Na ce ba mu zargin Baba da sanin haka. Na ce yaron ya zo wurinsa ya kasa faɗa saboda kunya, kawu ma haka. Na ce abin da muke roƙo a sake injin da wani mai lafiya, a ɗauke wannan. Na ce in bai samu ba kafin ranar kasuwar Badaguishiri mai zuwa, yaron zai tafi Abijan. Wannan layin na ƙarshe na share shi na mayar, na sake sharewa na mayar, don na san shi ne zai yi zafi, kuma na san in babu shi takardar gaisuwa ce kawai.

Sai wata matsalar ta taso, da wane rubutu? In na yi da Faransanci, ya zama sammaci. In na yi Hausa da boko, Baba Alhaji ba ya karantawa, ɗansa zai miƙa wa, ɗan kuma ya karanta da ƙarfi a zaure, in tozarta mutumin da ya binne ubana a gaban dillalansa. Amma na san yana karanta ajami, da shi yake rubuta lissafin kayansa tun yana saurayi. Ni kuma rabona da ajami tun makarantar allo. Na zauna na yi ta fama, ina gogewa ina sakewa, har na fitar da ita yadda za ta karantu. Ban nemi wani malami ya taya ni ba, don ba na son mutum na uku ya san abin da ke ciki.

Da kaina na kai ta Konni. Ban bi ta zaure ba, na shiga ta ƙofar mata wurin Hajiya, uwargidansa. Muka gaisa, ta tambaye ni gida da Inna da injin, kuma Allah shaida ni ma lafiya lau na ce mata. Bayan an kawo ruwa na sha, na ba ta takardar a naɗe, na roƙe ta ta ba Baba a turakarsa in ya shigo bayan azahar, lokacin da babu kowa. Ta dube ni ta dubi takardar, ta karɓa.

Na yi zaman jira mafi tsawo a rayuwata a ɗakin nan. Can Hajiya ta leƙo ta ce yana kira. Na durƙusa daga bakin ƙofa. Yana zaune a kan buzu, tabarau a hanci, takardar a buɗe a cinyarsa. Bai amsa gaisuwata da tsawo ba. Ya ce shi bai sani ba, wani dillali ne ya shigo masa da injunan daga tsallake, a cikin akwati, kuma zai san abin da zai yi da shi. Na yarda da shi a lokacin, kuma har yau na yarda. Sannan muryarsa ta sauka.

"Yaron ga ya zamna gabana, na tambaye shi da bakina, ya ce min lahiya lau. In da ni na haife shi, haka za shi yi min?"

Ya ɗaga takardar ya nuna layin ƙarshe da yatsa.

"Ke kuma har rana kinka aza min, awa buro."

"Baba, ba ni na aza ta ba," na ce. "Ranar da mota ka tashi ce. In ya hau ta, Inna ba ta sake ganinai."

Ya cire tabarau ya naɗe takardar ya sa a aljihu, ya ce in tashi in tafi kada in rasa mota. Na fito ban san ko na gyara ba ko na ɓata. A mota na yi kuka, wata tsohuwa da ke kusa da ni ta yi ta ba ni haƙuri a zatonta rasuwa aka yi mini.

Kafin ranar kasuwar, motar Baba Alhaji ta shigo ƙauyenmu da sabon inji da makanikinsa. Wannan baƙi ne, ba shi da ƙyalli, kuma makanikin bai tafi ba sai da ya kwance shi a gaban ƙanena ya nuna masa cikinsa. Suka ɗora tsohon suka tafi da shi. Da yamma ƙarar ta tashi daga bakin rijiya. Motar Badaguishiri ta tashi ba da ƙanena ba.

Kada a ɗauka an yi mini godiya. Kawu ya ce na zubar da mutuncin gidan, abin da manya suke bi a hankali na je na yi masa rubutu. Ƙanena ya yi watanni ba ya haɗa ido da ni, in na zo ƙarshen mako sai ya wuni a rumfa. Kunyar Baba Alhaji ta hana shi sake taka zauren, ko kayan gyara yake so sai ya aika. Baba Alhaji kuwa bai fasa komai ba, da azumi ya aiko da sukari, da salla ya aiko da atamfar Inna. Abu ɗaya ne ya canza. Duk saƙon da ya aiko mini daga lokacin, a gaida Malama yake cewa. Wannan ya yi mini ciwo fiye da faɗan kawu, kuma har yanzu yana yi mini. Amma ko a ranar da na fi jin ciwon ban ce da ban rubuta ba.

Sana'ar ta tashi a hankali. Mata ba su dawo gaba ɗaya ba, sai da suka ga mako ya bi mako injin bai tsaya ba. Ƙanena ya koyi abubuwan da ba a koya masa a Malbaza ba. Ya gane in ya niƙa barkono ko jiƙaƙƙen wake da safe, duk garin tuwon da ya biyo baya sai an yi ƙorafi, don haka ya mayar da su ƙarshen yini. Ya gane matan ƙauyukan gefe ba su son jira, sai ya ware musu hantsi. Ba arziki ya yi ba, amma gidan ya ci, an mayar wa matarsa awakinta, kuma ya ga ranin ƙauyenmu daga farko har ƙarshe, abin da rabonsa da shi tun yana yaro. Ya ce mini bai san zafin garinmu ya kai haka ba.

Inna ta ga wannan ranin da daminar da ta biyo, ta ga wani ranin har ya kusa ƙarewa. Ta rasu a tsakiyar bazara, lokacin da ƙauye babu samari, wata safiya bayan ta sha kunu. Ina Illela aka kira ni. Ƙanena yana rumfa matarsa ta aika, ya kashe injin ya rugo, ya same ta da sauran numfashi. Shi ya riƙe kanta yana laƙƙana mata kalmar shahada har ta cika.

Na iso ana shirin fita da ita. Mu mata ba mu zuwa maƙabarta, don haka daga bakin ƙofa na tsaya na ga an ɗaga makara, shi yana gaba ta hannun dama, sauran duk tsofaffi ne masu furfura. Na koma ɗakinta na zauna cikin mata.

Da suka dawo bai tsaya wurin maza ba. Ya shigo cikin gida, rigarsa duk jar ƙasa har gwiwa, ya zo ya tsuguna a bakin ƙofar ɗakin da nake. Ya daɗe yana kallon hannuwansa.

"Ni na shiga kabarin na karɓe ta," ya ce. "Yaya, ashe ba ta da nauyi ko kaɗan."

Na tashi na ɗebo ruwa a buta na kawo masa. Ya miƙo hannuwan, na riƙa zuba masa yana wankewa.